Kunnen Malam Yamusa

Malam Yamusa ya shekara ashirin da uku a Abuja, amma bai taɓa kiran garin gida ba. Ma'aikacin sito ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, yana zaune shi kaɗai a ciki da falo a Durumi, iyalinsa kuwa suna Funtuwa. Da farko niyyarsa ya ɗauko matarsa Aminatu da yara in ya samu wuri mai ɗan faɗi. Wurin bai samu ba har yaran suka girma, biyu suka yi aure. Sai ya zamana bayan wata biyu yake zuwa ya kwana uku ya dawo. Sauran kwanakin kuwa daga ofis sai masallaci sai ɗaki.

Rana ɗaya ce a wata take fita daban, Asabar ɗin farko. Ranar yakan sa farar shaddarsa ya kama hanyar Bwari, gidan abokinsa Alhaji Nuraddeen, wanda ya yi ritaya yana darakta ya gina gida a can bakin gari. A nan suke haɗuwa su ci abincin rana, su saurari tsofaffin waƙoƙin finafinan Indiya, irin waɗanda suka kalla suna samari a silima marar rufi. Su bakwai ne da aka fara. Canjin wurin aiki ya ɗauke biyu, mutuwa ta ɗauke biyu, aka bar su su uku: mai gida, da Yamusa, da Leonard, mutumin Jos mai shagon magani a Zuba, wanda ba ya zuwa sai da kankana ko abarba a hannu.

Babu mai jin yaren a cikinsu sai kalma ɗai-ɗai, don haka su suka raɗa wa waƙoƙin suna: waƙar jirgin ƙasa, waƙar makauniya, waƙar mai laima. Nuraddeen ya sa kaset, a ji farkon kiɗa, gardama ta kaure a kan wace ce, a wane fim, wace shekara aka kawo shi Arewa. In ta ƙi ƙarewa sai a juya ga Yamusa. Yana saurayi ya yi shekara huɗu yana haska fim a wata silima a Funtuwa, fim ɗaya yakan kalle shi sau talatin ta ƴar tagar ɗakin inji. Bugun ganga biyu ya ishe shi ya gane waƙa. Alƙali suke kiransa, kuma in ya yanke ba a ɗaukaka ƙara. A ofis shi ne mai ƙirga kujeru da kwalayen takarda, babu mai neman ra'ayinsa a kan komai. A Bwari kuwa darakta guda ne yake yin shiru in ya buɗe baki.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, kusan shekara biyu ke nan kunnensa yana ja da baya. Kukan tsuntsaye ya fara rasawa. Daga nan kiran sallar masallacin unguwa ya koma kamar daga wata unguwar ake yi. Sannan abin ya shiga waƙoƙin. Siraran muryoyin matan nan da kukan goge su suka fara tafiya, aka bar masa ganga da muryar maza can ƙasa-ƙasa. Waya ma ta zame masa wahala. In Aminatu ta kira sai ya yi ta "to, to, madalla," ya gajarta maganar don kada ta tambaye shi abin da bai ji ba. Sannu a hankali ita ma ta rage kira.

A Bwari dabara yake yi. Yakan zauna kusa da rediyo, ya saci kallon kwalin kaset ɗin da Nuraddeen ya ɗauko, ga shi ya haddace jerin waƙoƙin kowane kaset. Abin da ya rage sai ya karanta a yatsun Leonard, da ba sa iya zama shiru in kiɗa yana tashi.

Asabar ɗin farko ta watan Yuli an yi ruwa da safe, ya isa a makare. Hajiya Murja, matar Nuraddeen, ta riga ta shimfiɗa tabarma a baranda, ga tuwon shinkafa da miyar taushe, ga man shanun da take saye wurin matan Fulanin da ke bayan gidansu. Ya duba inda rediyo yake zama bai gan shi ba.

"Alƙali, yau mun shiga zamani," in ji Nuraddeen yana ɗaga wayarsa. "Rediyon nan ya cinye min kaset uku. Ƴata Ikhlas ta zo hutu ta zuba min komai a nan, waƙa ɗari huɗu. Ga sifika can a taga."

Yamusa ya kalli sifikar, wata ƴar baƙar aba kamar gwangwanin madara, can nesa bayan kujerar mai gida. Ya yi murmushi ya ce Allah ya sa alheri, ya wanke hannu.

Waƙar farko Leonard ya cafke ta tun kafin a tambayi kowa. Ta biyu suka rabu.

"Waƙar mai laima ne wannan," in ji Leonard da Hausarsa ta Jos. "Ni na kalle shi sau uku."

"Kai dai ka sha miya, Oga Leo. Mai laima da sarewa take farawa. Alƙali, raba mu."

Yamusa ya ji wani gunji mai kama da ganga, shi ke nan. Hannun Leonard na dama yana cikin tuwo, na hagu yana riƙe da kofi.

"A ƙara murya kaɗan," ya ce.

Aka ƙara. Ya karkata kai, ya ce waƙar jirgin ƙasa ce. Su biyun suka kalli juna, sai Nuraddeen ya fashe da dariya.

"Yau tuwon Hajiya ya toshe wa Alƙali kunne! Ina jirgin ƙasa a nan?"

Shi ma ya yi dariya, ya ce tsokanarsu yake yi. Amma bai ƙara taɓa tuwon ba.

Da aka kawo kankana Nuraddeen ya ce bari ya sa masa tasa, waƙar makauniya, wadda kowa ya san ita ce ta Yamusa. Wannan kam ba ya buƙatar kunne, tana cikin kansa tun yana ɗan shekara goma sha tara. Ya jingina da bango ya lumshe ido kamar yadda ya saba, yana gyaɗa kai, yatsansa yana bin kiɗan a gwiwa. Ya bi ta baiti bayan baiti, har inda matar take ɗaga murya ta riƙe, har ya ji idonsa ya yi ɗumi. Ya ce a hankali, "Ku ji nan wurin. Ku ji yadda ta ja shi."

Da ya buɗe ido, Nuraddeen yana tsaye can bakin baranda da wayar a kunnensa, ya juyo yana kallonsa. Kira ne ya shigo tun a baitin farko, waƙar ta yanke, mai gida ya tashi ya amsa. Leonard ya sunkuyar da kai yana cire ƴaƴan kankana ɗaya-ɗaya da wuƙa. Hajiya Murja tana tsaye a ƙofa da tire a hannu, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi masa sauƙi.

"Malam Yamusa," in ji Hajiya Murja, ta matso tana ɗaga murya yadda ake yi wa tsofaffi, "in zubo maka fura?"

Ya ce a'a, ya gode, hadari yana sake haɗuwa, gara ya kama hanya. Nuraddeen ya ce a kai shi a mota, ya ƙi. Ya taka har bakin titi, ya shiga motar haya ya zauna a can baya har Durumi.

Asabar ɗin Agusta bai je ba. Ta Satumba ma haka. Nuraddeen ya kira ya kira, ya turo saƙo, Yamusa ya amsa masa da cewa aiki ne ya yi yawa. Ranakun yakan wanke kayansa, ya shanya, ya dafa taliya, ya zauna a ƙofar ɗaki yana kallon masu tura baro suna wucewa. Sau ɗaya ya ɗauko nasa ƙaramin rediyon ya manna shi a kunne, ya ji abin da ya rage masa, ya mayar da shi ƙarƙashin gado.

Wata Lahadi da rana ya ga inuwa a ƙofa. Leonard ne, daga coci, da kwat ɗinsa da abarba a leda. Ya ce ya yi ta buga ƙofar gidan har maƙwabciya ta buɗe masa. Ya zauna a kujera ɗaya tilo da ke falon, ya dubi ɗakin da bai taɓa shiga ba a shekara goma sha takwas na abota. Sannan ya jawo kujerar har gwiwarsu ta haɗu, ya yi magana a fili, yana kallon fuskarsa.

"Mutumina, ni mai sayar da magani ne. Tun bara na sani. Na ce bari in ga ko za ka faɗa da kanka."

"Me zan faɗa? In ce muku Alƙali ya kurumce?"

"To mu fa? Alhaji ido ɗaya yake gani da shi, ni ga ciwon suga. Mu biyu mun zauna a Bwari kamar masu zaman makoki, ya sa waƙa, na faɗi suna, ya ce haka ne. Ko gardama babu. Ran Laraba zan zo in kai ka wurin likitan kunne. In ka ɓuya, na san ɗakin yanzu."

Suka je. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki aka toshe masa kunne, aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ta gilashi yana ganin likitar tana danna abu, shi kuwa hannunsa yana kan cinya. Bayan mako uku aka ba shi na'ura, ƴar ƙarama, a maƙala a bayan kunne. Maganar mutane ta dawo, har da ƙarar takalminsa da ya manta yana yi. Da ya koma ɗaki ya jawo rediyo ya sa kaset. Abin da ya fito kamar ana kaɗa cokali a cikin langa. Ya juya kaset ɗin, ya canza wani, duk ɗaya. Likitar ta riga ta gaya masa an yi na'urar ne don magana, kiɗa kuwa wataƙila ya gyaru in kunne ya saba, wataƙila kuma ba zai gyaru ba.

Bayan la'asar ya kira Aminatu, ya gaya mata komai tun daga farko.

"Malam, shekara biyu?" ta ce. "Ni na ɗauka hirata ce ta ishe ka. Har na gaya wa Yaya ko ka yi wani auren ne a can ba ka faɗa ba."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya ji tana jan hanci, ya ji sarai, har da kukan akuyar gidan a bayanta. Sun kai awa guda suna magana.

Ya koma Bwari a watan Nuwamba. Babu wanda ya tayar da zancen. Da aka sa waƙa ya saurara kaɗan, ya girgiza kai ya ce a ci gaba, shi zai ci tuwo. Can Leonard ya ajiye cokali, ya matso kusa da kunnensa ya kama rera wata waƙa da bakinsa, da muryar nan tasa kamar ta kwaɗo, yana cusa kalmomin da babu su a kowane yare. Muryar mutum ce, na'urar ta kawo masa ita tsaf.

"Tsaya, tsaya," in ji Yamusa. "Ka haɗa waƙa biyu. Kuma nan ba hawa ake yi ba, sauka ake."

"Rera mana daidai, to."

Ya rera, a karo na farko a gaban mutane. Nuraddeen ya kashe wayar ya kama buga kwano. Hajiya Murja ta leƙo ta ce in maƙwabta sun kawo ƙara ita ba ruwanta. Har magariba ta kusa suna abu ɗaya.

Sau uku suka ƙara yin irin wannan zaman. A watan Maris takardar ritayarsa ta fito, ya kwashe kayan shekara ashirin da huɗu a bayan ƙaramar mota guda ya koma Funtuwa. Gidan cike yake da jikoki, Aminatu tana kula da shi, ta koyi tsayawa a gabansa in za ta yi magana. Ya nemi abokan silimarsa na da, ya tarar ɗaya ne ya rage, shi ma ya ce ya bar waɗannan abubuwa tun da ya dawo daga Makka. Inda silimar take an yi shagunan sayar da taki.

Leonard ya yi alkawarin zuwa da Babbar Sallah, ƙafarsa ta kumbura bai samu zuwa ba. Nuraddeen ya tafi wurin ɗansa a Kaduna a yi masa aikin ido, zaman ya yi tsawo, aka rufe gidan Bwari. Suna gaisawa a waya lokaci-lokaci, a tambayi jiki, a tambayi iyali. Da yamma Malam Yamusa yakan fito da kujera ƙofar gida ya zauna, masu wucewa su gaishe shi ya amsa, har a kira salla ya tashi ya yi alwala.