Miyar da Ba a Sa wa Gishiri Ba

Sallau ya kai loma bakinsa, ya tsaya, ya mayar da ita gefen kwano. Muna zaune ne a tabarmar ciyayya, ƙofar gidan Alhaji Abdulrazak a Sabon Gari, inda kowane magidanci ke fito da kwanon gidansa bayan magariba mu ci tare.

"Mi ya hwaru, Sallau? Miyar Hajiya ba ta yi maka ba?" in ji Alhaji.

"Wane ni, Alhaji! Tansiyo ce, hawan jini. Likita ya ce in ban bar gishiri da magi ba, kabarina nike gina."

Na ce, "Kai da ke saida ma gari lahiya buhu-buhu?"

Aka yi dariya, har da shi. Sallau maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma zogala yake sarowa daga garinsu Jiratawa yana sayarwa. Bai yi wasa da maganar likita ba. Ya bar shayi mai sukari, ya koma yawo da gorar ruwa. Da an sallame asuba sai ya buga min ƙofa, "Tanimu, hito mu tahi, wannan tumbin naka ba gado ba ne." Haka zai ja ni mu miƙe hanyar Tsibiri a ƙasa, ina haki yana yi min tsiya.

Tabarma ce ta gagare shi. Ya fito da nasa kwanon miyar lami, kowa ya ɗanɗana ya janye hannu. A ciyayya kuwa ba a rungume kwano ɗaya a ci, rowa ce, kuma ba a ƙin kwanon maƙwabci, raini ne. Sai ya daina fitowa.

Mun ɗauka hakan ya fi masa sauƙi ne, ashe ba mu san dawan garin ba. Matarsa Ramatu ce ta faɗa wa matata Balkisu, "Tun da ya bar hita ciyayya ba ya cin kirki. Yana jin dariyarsu ta katanga, sai ya ture kwano. Likita kuwa ya ce damuwa ma tana tada tansiyon." Maganar ta yi min ciwo ƙwarai, don mutumin da ke cika tabarma da surutu ne ya koma ci shi kaɗai kamar baƙo.

Na samu Alhaji da shawarar mu ma mu yi miya ba gishiri saboda Sallau. Ya yi ta gunaguni, wai tuwo ba gishiri ai horo ne, amma daga baya ya ce, "To, ran Juma'a kowane gida a yi miya lami. Wanda bai iyawa, a aje mishi gishiri a hwaranti."

Ran Juma'ar, a hanyar Tsibiri, na faɗa wa Sallau. Ya tsaya cik.

"Don ni kaɗai za ku horar da bakinku?"

"Don tumbinmu dai."

Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya share ido da hannun riga. "To ka ce ma Alhaji ya matsa mini wurina, jikin bango."

Da hantsi na ji ihun Ramatu. Na tarar da shi a zaure, kwance kusa da buhun zogala, baki ya karkace. Muka sa shi a adaidaita, kansa a cinyata. Kafin mu kai asibiti ya cika. Bayan sallar Juma'a muka kai shi makwancinsa.

Da magariba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, 'yan'uwansa na Jiratawa sun cika layin. Kamar yadda aka saba, maƙwabta suka aiko da abinci gidan rasuwa. Babu wanda ya koma ya ce wa matan gida su sa gishiri. Na buɗe kwanon gidana, na ɗanɗana, lami. Na gidan Alhaji ma lami. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya gutsuri tuwo, hawaye na bin gemunsa.

Nan ma mun bar wurin jikin bango babu kowa. Farantin gishiri na tsakiyar tabarma, har aka kwashe kwanuka ba wanda ya miƙa masa hannu.