Baƙin Mai a Farce

Kwana biyar ke nan Sifana yana yi wa matarsa ƙarya, kuma shi ba gwanin ƙarya ba ne. Bakanike ne, irin wanda in injin motarka ya gama aiki zai faɗa maka ya gama, ba ya kwana-kwana. Sunan ma a gareji aka laƙaba masa, don ko gidan biki ya je sai an ga sifana tana leƙowa daga aljihunsa.

Ƙaryar guda ɗaya ce, kullum ita yake maimaitawa. Matar tana kwance a hawa na uku. An yi mata aiki an ciro 'yarsu tun cikin bai kai wata bakwai ba, ɗinkin kuma ya zo da zazzaɓi, sai aka hana ta sauka ɗakin jarirai. 'Yar tana can ƙasa cikin akwatin gilas ɗin nan da ake ce wa kwalba, shi ne ke zirga-zirga a tsakaninsu. Da ya shigo sai matar ta tambaya ko ya taɓa ta, shi kuma ya ce ya taɓa, jikinta laushi kamar auduga. Sai ta ce to madalla, ta juya fuska bango.

Alhali ko ɗan yatsa bai kai jikin yarinyar ba.

Ba hana shi aka yi ba. Tun ranar farko babbar nas ɗin ɗakin, wata gajeriyar mata mai tabarau wadda ba ta ɓata magana, ta nuna masa famfo da sabulu, ta ce ya wanke har gwiwar hannu ya zo ya zura hannun ta 'yar tagar kwalbar. Ya wanke sau uku. Da ya ɗaga hannun a ƙarƙashin fitila sai ya ga aikin shekara ashirin yana nan daram: baƙin mai a ƙarƙashin kowane farce, baƙin mai a kowane layi na tafinsa. Ya dubi yarinyar. Gwangwanin mai na lita guda ya fi ta nauyi. Fatarta ja ce sirit, ana ganin jijiyoyi, ga tiyo a hanci, ga waya manne a ƙirji. Nas ta ce ba komai, tabo ne, ta miƙo masa safar hannu mafi girma da suke da ita. Yana ja ta yage a babban yatsa. Shi ke nan, ya mayar da hannu aljihu, ya ce gobe.

Goben nan kuwa ta ƙi zuwa. Zama ya gagare shi. Ya tsaya a jikin gilas, ya fita baranda, ya hau sama, ya sauko, ya je gareji ya kwance abin da bai lalace ba, ya dawo. Ya haddace kukan na'urorin ɗakin kaf, ya san wanda ke nufin waya ta zame da wanda ke sa nas ta taso da sauri. Har ya gano tayar wani teburin magani tana ƙara, ya nemi izinin gyarawa, aka ce ya bari. Duk abin da ke ɗakin yana jin zai iya sa masa hannu, ban da abu ɗaya da ya kawo shi.

Ran na shida da safe likita ya tare shi a baranda. Ya ce cuta ta shiga jinin yarinyar, sun fara ba ta magani, numfashinta yana ɗaukewa yana dawowa, kwana biyun nan su ne abin dubawa. Likita na wucewa nas mai tabarau ta matso.

“Malam, in kana da niyyar taɓa 'yarka, kada ka sake cewa gobe.”

Tsoron da ya kama shi ba na mutuwar kaɗai ba ne. Tsoro yake yarinyar ta zo duniya ta koma ba wanda ya taɓa ta cikin su biyun da suka haife ta, uwar kuma tana can sama tana zaton an yi.

Sai ya yi abin da kowane bakanike zai yi. Ya zarce gareji, ya zuƙo fetur a roba, ya haɗa da yashi da garin sabulu, ya dirje hannun nan kamar yana wanke kan inji. Ya sa waya ya sakace farce ɗaya bayan ɗaya. Baƙin ya ragu ƙwarai. Ya dawo yana haki, yana jin yau dai ya yi dabara, ya tura ƙofar ɗakin jarirai.

Ko taku biyu bai yi ba nas ta ɗago kai ta shaƙi iska. Ba ta ɗaga murya ba, turo shi kawai ta yi waje ta ja ƙofa. Ta ce huhun yaran nan iskar Allah ma da kyar yake ɗauka, shi ne zai shigo musu da warin gidan mai? Ta ce kada ta sake ganinsa sai warin ya fita daga hannunsa da rigarsa gaba ɗaya. Shi da ya kwana ya tashi cikin fetur, wallahi bai ji warin komai ba. Jiya yana da izini ya ƙi, yau yana so an kore shi, kuma shi ya jawo wa kansa.

A bayan ginin, wajen famfon masu jinya, ya tarar da yayarsa, wadda ke kula da matar tun ranar da aka kwantar da ita. Tana durƙushe gaban baho da tulin wanki. Ya ba ta labari yana kai da kawowa, har da ƙaryar bai ɓoye ba. Yaya ta saurara, ta ce tun yana yaro haka yake, in aka ce ya kashe kyankyaso sai ya ɗauko guduma. Ta miƙe tana dafa ƙugu, ta tura masa bahon da ƙafa.

“Zauna. Ka taɓa ganin mai wanki da baƙin farce?”

Ya zauna. Mutumin da bai taɓa wanke ko hankicinsa ba tun da ya yi aure, ga shi a tsakiyar mata yana cuɗa zanen gado. Matan suka yi ta gumtse dariya, wata tsohuwa ta ce in ya gama nata ma yana nan. Ya ce ta kawo, da gaske yake. Ta kawo. Wata ma ta kawo tawul. Sabulu yana shiga inda waya ta yanke shi yana cizo, bai kula ba. Duk bayan minti kaɗan sai ya zabura zai je ya leƙa ɗakin, Yaya ta ce ya koma, leƙensa ba magani ba ne. Sau biyu ita ta je ta leƙo masa, ta dawo ta ce yarinyar tana nan. Daga hantsi har rana ta karkata yana cuɗa yana ɗauraya, igiyar shanya ta cika har aka koma baza kaya a kan shinge.

Da ya zaro hannuwan daga ruwan ƙarshe, shi kansa bai gane su ba. Sun yi fari sun yamutse, faratan sun yi laushi, sai ɗan zare-zaren baƙi can a lungu. Yaya ta kama ta shinshina ba kunya, ta ce saura rigar. Ta aro masa wata wajen mijin tsohuwar nan, ta ɗame shi a kafaɗa, haka ya tafi.

Nas ma sai da ta shinshina. Ta sa shi ya sake wankewa har gwiwar hannu, sannan ta buɗe 'yar tagar. Ya zura hannu, ya fara shafa bayan yarinyar da yatsa. Nan take ta zabura, na'ura ta yi ƙara, ya fizge hannu zai gudu. Nas ta riƙe masa wuyan hannu. Ta ce ba a shafa su, fatar ba ta jurewa. Ɗora tafin kawai zai yi, ya rufe ta daga kai zuwa ƙafa, ya tsaya cak.

Tsayawa cak ita ce abin da ya fi ƙarfinsa duk kwanakin nan, amma ya tsaya. Tafinsa ɗaya ya rufe ta kusan duka. Ba laushin auduga ya ji ba. Ɗumi ya ji, da ɗan danƙo, da wani bugu mai sauri ƙwarai a ƙarƙashin yatsunsa. A hankali ƙarar na'urar ta lafa. Wata 'yar ƙafa ta tokare shi a gefen hannu ta zauna a nan. Hawaye suka gangaro masa har cikin wuyan rigar aro, ba hannun sharewa, ya bar su. Ya fi rabin awa a haka, sai da nas ta ce ya isa na yau.

Ya hau bene hawa uku bai dafa ƙarfe ba, hannun yana dunƙule a ƙirjinsa. A bakin gadon ya buɗe baki zai fara bayani, matar ta riga shi. Ba ta yi tambayar da ta saba ba. Hannun ta kalla, ta jawo shi ta juya, ta duba faratan ɗaya bayan ɗaya.

“Yau dai ka taɓa ta,” ta ce.

“Kin sani ashe?”

“Shekara nawa ina zuba wa hannun nan ruwa? Na san ba za ka kai shi jikinta a yadda yake ba.”

Ya faɗa mata abin da likita ya ce, bai rage komai ba. Sannan ta tambaye shi ta ina ya taɓa ta. Ya buɗe tafin ya nuna mata: nan kanta, nan bayanta, nan inda ƙafar ta tokare shi. Ta ɗauki tafin ta ɗora a kumatunta. Ya motsa yatsa zai share mata hawaye, sai ya tuna, ya tsaya cak.