Bidiyon Fanka

Baƙin akwatin yana ƙarƙashin talabijin, bai fi kwalin takalmi girma ba. Auta ce ta haɗa shi, ta tara hotuna da bidiyon gidan a ciki, kowa ya kalla ta wayarsa ko a talabijin. Mahaifinta, tsohon direba, bai taɓa yaba abin ba. Ya dai koyi maɓallin da yake buƙata.

Kwanan baya faifan ajiyar da ke cikin akwatin ya fara ƙara, ƙas-ƙas. Tsohon ya san kukan injin da zai mutu. Ya aika aka kira ta.

Ta zo da sabon faifai a tafin hannu.

"Wannan ba ya ƙara, Baba, ga sauri. Sai dai cikinsa bai kai na tsohon ba. Dole a rage kaya."

"Kika sayo ƙarami?"

"Mai babban cikin irin tsohon faifan ne, mai juyawa. Shi ma haka zai yi mana wata rana."

Ta zauna a ƙasa da kwamfutarta. Finafinai suka tafi, ƙwallo ta tafi, wasannin jikoki suka tafi. Duk da haka wuri bai isa ba.

"Saura manyan bidiyo biyu, ɗaya kawai zai shiga," in ji ta. "Ga na ranar da kamfani ya karrama ka. Ɗayan kuwa ba komai ba ne. Wani ne ya manta waya a kan tebur, ta yi ta ɗaukar silin. Fanka ce kawai take juyawa. Bari in goge."

"Dakata."

"Baba, fanka fa!"

Ya dubi bango. Wannan bidiyon yake kunnawa kullum da rana in gida ya watse, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Ba ya son a ga idonsa ya jiƙe.

"Ƙaro murya," ya ce.

Ta ƙara. Fanka tana juyawa. Can sai ƙarar murfin tukunya. Sai silifa ana jan ta a kan siminti, ƙafar hagu ta fi nauyi. Auta ta ɗauke hannu daga kwamfutar. Tafiyar mahaifiyarta ce, wadda ta rasu bara.

Daga kicin muryar ta taso: "Direba, shayinka zai huce. Ko sai na yi maka hon?"

Babu wanda ya amsa mata. Rediyo ne kawai yake ta surutu.

"Goge na kamfanin," in ji tsohon.

"Ranar da aka ba ka lambar yabo? Har manaja ya miƙe maka!"

"Na ji abin da suka ce. Ina wurin." Ya gyara zama. "Wannan ne ban ji ba. Kunnena yana kan rediyo."

Auta ta goge na kamfanin. Ta kwafe na fanka, ta cire tsohon faifan, ta rufe akwatin. Sabon bai yi ko tari ba.

Ta ɗauki jaka za ta fita, sai ta ji silifar ta sake tasowa daga talabijin. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta waiwaya ba.

"Ko sai na yi maka hon?"

"Na ji," in ji tsohon. "Ga ni nan."