Sunan da Aka Ajiye

Mavis tana bisa tsani, ƙusa biyu a bakinta, guduma a hannu, sai wayarta ta soma ƙugi a aljihun wando. Ba ta kula ba. Zane na ashirin da bakwai take ratayewa, saura ɗaya, kuma ƙarfe biyu na rana mai jarrabawa zai shigo.

"Ya karkace," in ji Tuan, ma'aikacin da ke kula da ɗakin baje kolin makarantar. Yana tsaye daga ƙasa, ya kanne ido ɗaya. "Ɗaga hagu kaɗan. Tsohuwar nan tun safe take hararata, kada ki ƙara mata dalili."

"Haka take kallon kowa," ta ce bayan ta zare ƙusoshin daga baki. "Har da likita."

Tsohuwar kakarta ce, wadda ta haifi uwarta, kuma sunanta Mavis ta ci. Zanen ashirin da takwas ne, na littafin yara, labarin yini guda: tsohuwa ta fita farautar damo da sandar ƙarfe, ta haƙa, ta kamo, ta gasa gurasa a toka, ta dafa shayi a gwangwani. Shekara uku ke nan Mavis tana Adelaide tana digiri na biyu a zanen littattafai, karatun da mutane ke gamawa cikin shekara biyu. Sau biyu ta nemi ƙarin lokaci. Na biyun ya zo da takarda mai cewa babu na uku. Yau mai jarrabawa ya taso daga Melbourne, kuma wata edita daga kamfanin buga littattafai ta ce za ta leƙo. In abin ya yi kyau, Mavis ta rabu ke nan da zana fastocin wanke hannu na ƙananan asibitoci, ta zama mai zane da sunanta a bangon littafi.

Fuska ce ta cinye mata shekarar nan ta uku. Da farko ta baya ta zana kakar, domin haka ta san ta: kullum tana gaba, yara suna bin ta. Gillian, malamar da ke duba aikinta, ta ce yara fuska suke nema a littafi, kuma gaskiya ta faɗa. Sau huɗu Mavis ta koma gida, can bayan Alice Springs, ta zaunar da tsohuwa a inuwar rumfa tana zana ta. Tsohuwa kuwa ba ta san zaman banza ba. "Wannan hancin na ubanki ne, mayar masa da abinsa," take cewa. "Ki yi sauri, ke. Ni ba dutse ba ce."

Wayar ta sake ƙugi. Kawu Cecil ne, mutumin da bai taɓa kiran kowa ba sai dai a kira shi. Ta sauko, ta fita baranda.

Kafin ya yi magana ta ji kukan mata a bayansa.

"Kumanjayi," ya ce.

Ba haka ya saba kiranta ba. A wajenmu wannan shi ne kiran da ake yi wa wanda takwaransa ya rasu, domin sunan mamaci ajiye shi ake yi, ba mai furta shi sai shekaru sun bi ta kansa. Da kalma ɗaya ya gaya mata komai. Ni ma daga nan na ajiye sunan.

Ta jingina da bango. "Yaushe, Kawu?"

"Da hantsin nan. Tana zaune ana haɗa mata shayi. Iyayenki mata sun riga sun fita daga gidan, an koma bakin busasshen rafi zaman makoki. Yanzu haka ana share sawunta."

"Kawu, yau ce ranar."

"Na sani. Shi ya sa na fara da ke kafin danginmu na Darwin. Hotonta na kanti an sauke. Na asibiti ma nas ta rufe shi. Naki fa?"

"Suna bango."

"To," ya ce, ya yi shiru. Kawu Cecil ba ya ba da umarni. Shirun nan nasa ya fi umarni nauyi.

"Har zuwa yaushe?"

"Ba ni ke faɗa ba, 'yata. Tsofaffin mata ne. Na mijinta shekara huɗu ya yi."

Ta ce, "Ina da na farko, waɗanda na zana ta ta baya. Babu fuska ko ɗaya."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Wa zai kasa gane bayan nan? Mu duka shi muka bi muka girma."

"Ita ta ce in sa ta a littafi."

"Ta ce. Ta kuma ce ki yi sauri."

Ba gori ya yi mata ba, abin da aka yi ya faɗa. Amma maganar ta shige ta har ƙashi. Da ta gama a shekara biyu kamar kowa, da yanzu littafin yana hannun yara, da tsohuwa ta riƙe shi ta zagi hancin son ranta.

Ta sami Gillian a ofis tana cin burodi a gaban kwamfuta. Malamar ta ture abincin, ta taso ta rungume ta, har da hawaye. Mutuniyar kirki ce, kada a ce na ɓata ta. Sai dai irin mutanen nan ne da ke ganin kowace matsala akwai fom ɗinta.

"Ya Allah, Mav—"

"Kada ki faɗa. Ba a faɗarsa yanzu."

Gillian ta rufe baki da hannu. "Yi haƙuri. Na sani, na manta ne. Zauna. Ki saurare ni da kyau. Za mu manna sanarwa a ƙofa, irin wadda ake sawa a talabijin, cewa akwai hoton wadda ta rasu a ciki. Kowa haka yake yi."

"Wannan don baƙi ne. Don wanda bai sani ba ya kauce."

"To a fasa buɗe wa jama'a. A rufe ƙofa. Ni da mai jarrabawa da editar, mutum uku, awa ɗaya. Ƙarfe uku ki sauke komai, ki kama bas ɗin yamma."

"In na ce a ɗage fa?"

"Rasuwa dokarta daban ce, zan iya nema miki wata shida. Wata shida zai isa?"

"A'a."

"To sai sabon aiki daga farko, kuma lokacinki ya ƙare. Ba ni na rubuta dokar ba." Ta kama hannunta. "Shekara goma sha biyar ina koyarwa, ban ga ɗalibin da ya zana fuska kamar wannan ba. Awa ɗaya ce kawai. Kusan kilomita dubu biyu tsakaninki da gida. Babu ɗan garinku ko ɗaya a ginin nan."

"Akwai ɗaya," ta ce.

Amma ba ta ce a'a ba. Ta ce bari ta yi tunani, ta koma ɗakin. Tuan ya fita cin abinci. Zane na ashirin da takwas yana jingine a ƙasa, sai ta ɗauka, ta hau tsani, ta rataye shi, ta daidaita. Sannan ta yi abin da bai kamata ba, ta tsaya ta kalle shi.

Tsohuwa ce ta ɗaga damo ta wutsiya, tana dariya da haƙori uku, jar ƙasa a gwiwoyinta. Wata biyu jikar ta yi tana zana idon hagu kaɗai. Abin da ya fara zuwa zuciyarta ba kuka ba ne. Cewa ta yi a ranta, wallahi ya yi kyau, ba zan sake yin irinsa ba. Kunya ta kama ta, amma tunanin bai tafi ba. Awa ɗaya. Ƙofa a rufe. Wa zai sani? Ta ga sunanta a bangon littafi, ta ga littafin a kanti, ta ga kanta da ɗakin aiki mai taga. Tana son abin nan kamar ranta, kuma ta biya shi da shekara uku a garin sanyi inda ba ta da kowa.

Sai ta tuna ranar da kakanta ya rasu. Shekararta tara. Tsohuwa ta ba ta reshe mai ganye, suka bi tsakar gida suna share sawunsa ɗaya bayan ɗaya. Hoto ɗaya tak suke da shi nasa, yana kan doki a wurin kiwon shanu. Tsohuwa ta kalle shi sau ɗaya, ta jefa a wuta. Yarinya ta yi ta kuka tana cewa a bar mata. "In kika riƙe shi, waiwaye zai yi ta yi," tsohuwa ta ce. "Hanyar ƙasarsa da nisa. Bar shi ya tafi."

Ta dubi bangon. Fuska ashirin da takwas, kowacce da rai kamar za ta yi magana, a farin ɗaki, a garin da tsohuwa ba ta taɓa takawa ba.

A nan kukan ya zo. Ta yi shi a tsaye, goshinta a jikin tsani.

Da Tuan ya dawo, ya tarar ta juya guda tara. Tana ciro kowane firam, idonta a ƙasa, ta kifa fuskarsa ga bango, ta mayar da shi kan ƙusarsa. Ya buɗe baki zai yi tsokanarsa, ya ga idonta, ya fasa.

"Tsohuwar?"

Ta gyaɗa kai.

"Mu a gidanmu babban hoto muke kafawa, da turare a gabansa," ya ce a hankali. Ya ajiye kofinsa. "Ta ina zan kama?"

"Ta can ƙarshe. Kada ka kalla."

"Na kalle ta kwana biyu, ta ishe ni haka."

Suka haɗu a tsakiya. Saura rubutun da aka manna a bakin ƙofa, sunan littafin da sunan mai zanensa, duka suna ɗaya. Tuan ya sa farce ya ɓare haruffan, ya dunƙule su a tafin hannu, ya rasa inda zai jefa, sai ya sa a aljihu.

Ƙarfe biyu saura minti biyar Gillian ta shigo da baƙi. Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Editar ta dubi agogonta. Mai jarrabawar kuwa, wani dogo mai furfura da tabarau a goshi, ya bi bangon a hankali yana kallon bayan firam bayan firam, katako da waya da tef, hannayensa a baya.

"Tunani mai ƙarfi," ya ce yana gyaɗa kai, don ya ɗauka salon fasaha ne. "Ban yi tsammani ba. Amma an gaya mini littafin yara ne." Ya sauko da tabarau, ya duba takardarsa, ya karanta sunan da ƙarfi.

Ba wanda ya amsa. Gillian ta sunkuyar da kai.

Ya ɗago, ya dubi budurwar da ke tsaye da jaka a kafaɗa, ya sake karanta sunan, wannan karon da alamar tambaya.

"Mai wannan suna ta rasu da hantsin nan," ta ce.

Ta miƙa wa Tuan gudumarsa. Bas ɗin Alice Springs sai yamma zai tashi, amma ta gwammace ta jira a tasha.