Agogon Iya a Hannun Suhail

Tun rasuwar mahaifinsu, Suhail ne ke tasowa daga Samaru kowace safiya ya zo Sabon Gari duba Iya, domin ta ƙi barin ɗakinta, ɗaukar mai jinya kuma ya fi ƙarfinsu. Sai yayarsa Fatsuma ta aiko daga Abuja da wani agogon hannu mai auna bugun zuciya, yana tura sakamakon zuwa wayarta.

Shi ke nan, Iya ta samu abin faɗi. Duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta miƙa mata hannu: "Fatsuma ce ke kula da ni, ko tari na yi ta sani." Suhail na gefe yana dama mata koko, ba a ko ambaci sunansa. Abin na cin sa a rai, ga shi yana kunyar faɗa.

Ran nan Iya ta cire agogon za ta yi alwala. Ya ɗauka yana hararar sa, ya ɗaura a hannunsa don ya ga da me ya fi shi.

Ba a jima ba Fatsuma ta kira.

"Iya, lafiya? Zuciyarki na gudu kamar an biyo ki!"

Iya ta dubi hannun Suhail, ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Ba tawa ba ce, ta ƙaninki ce," ta ce. "Ke dai ajiye wayar, wannan ciwon ni zan duba shi. Auta, matso nan kusa da ni."