Zoben da Ya Ƙi Fita

Tun da aka kai Malam Jibril maƙabartar Baƙi'a ta Madina, matan da ke zaman makoki a gidansa na unguwar Ƙuba ba su da abin kallo sai hannun matarsa Hajo. Mai takaba ba ta ado, kowa ya sani. Ta cire awarwaro, ta cire 'yan kunne, amma zoben da ke yatsanta ya ce bai san zancen ba.

Ba irin na kasuwar yanzu ba ne. Kakannin Jibril suka zo da shi ta hanyar Masar, kuma ko a lokacin ya tsufa; wani maƙeri ya taɓa cewa ya girmi mulkin Turkawa. An zagaye bayansa da rubutun Larabci irin na da: "Zuciyata tana hannunki." Jibril ya sa mata shi tana 'yar siririya. Shekaru da shinkafar Madina suka yi aikinsu, yatsa ya cika, zobe ya nutse.

Aka gwada sabulu, aka gwada man zaitun. Sakinatu, yayar mamacin, wadda ba ta rasa dabara ko ba a tambaye ta ba, ta naɗa zare ta ja har yatsan ya kumbura.

"Ba ƙin ki nake yi ba, Hajo," in ji ta. "Hakkin ɗan'uwana ne."

Wata maƙwabciya ta ce ai larura ce, a naɗe shi da ƙyalle. Hajo ta so ta kama wannan magana, zuciyarta ta ƙi. Jibril mutum ne da ko alwala ba ya yin ta rabi-rabi, ta yaya za ta yi masa rabin takaba? Ga shi kuma ba ta da wani abin nasa da ya kai zoben nan. Duk ta rasa inda za ta sa kanta.

Da la'asar 'yarta Sundus, mai aikin jinya, ta zo da almakashin yanka zobe. Ta duba ko'ina tana neman inda babu rubutu, ba ta samu ba.

"Yumma, ma agdar," ta ce wa uwar da Larabci. "Wallahi ba zan iya ba."

"Ba ni shi nan," in ji Hajo.

Hajo ta cusa bakin ƙarfen da kanta, ta yi bismilla, ta matsa. A ranta tana roƙon ya gagara, ta ce musu to kun gani da idonku. Ashe tsohuwar zinariya taushi gare ta. Ƙas ɗaya, ya rabu. Ko wahalar da ita bai yi ba, kuma wannan ne ya sa ta fashe da kuka.