Kwandunan Fakku

Shekara shida Zahara'u tana dakan dakuwa a Tambuwal kafin wata ta ce mata ledar da take ƙullawa ita ce ke rage wa kayanta daraja. Ma'aikaciya ce a sakatariyar ƙaramar hukuma, tana buga takardu, amma je ka unguwarsu ka tambayi Zahara'u mai buga takardu, wallahi sai a yi ta kallonka. Zahara'u mai dakuwa kowa ya sani. Aya da gyaɗa da ɗan barkono, ta daka su har su haɗe, in ka ci ɗaya sai ka miƙa hannu ga ta biyu kana faɗa da kanka.

Wadda ta faɗa mata maganar leda ita ce Hajiya Umaima, mai wani babban shagon kayan ƙwalama a Sakkwato. Ta ɗanɗana dakuwar a wani buki, ta nemi lambarta, ta kira ta.

"Dakuwarki ta yi," in ji Hajiya, "amma masu sayen kayana sun gaji da leda. Ki samo min abin zubawa na gida, wanda in an gama da shi ba zai toshe kwata ba. Asabar ta sama akwai walima, mazubi ɗari da ashirin cike da dakuwa nika so. In sun iso ran Juma'a, kowane wata ke za ki riƙa kawo min. In ba su iso ba, akwai wata a Boɗinga tana jira."

Zahara'u ta ajiye waya tana murna. Ba ta ma sha wahalar tunani ba, don tana da Inno. Inno ƙanwar mahaifiyarta ce, tana zaune a Fakku can ƙasar Kebbe, kuma ita ce uwar masu saƙar kaba a shiyyarsu. Ƙananan kwanduna masu murfi suke yi, kamar tafin hannu biyu, mata na ajiye goro a ciki. Zahara'u ta kira ta, Inno ta ce kwana biyar sun isa.

Saura kawo su. To, a nan ne wayon Zahara'u ya motsa, kuma ni dai ban taɓa ganin wayon da ya motsa da gaggawa ya ƙare lafiya ba.

Mutum biyu ne ke ɗauko kaya daga wajen. Akwai Ɗangiwa mai babbar mota, wanda ke lodin gero da dawa da duk abin da aka ba shi, kuɗinsa kuma a kan buhu yake. Akwai Malam Almu mai babur, dattijo mai furfura a gemu, wanda in ya ce maka azahar to kafin a kira salla yana ƙofar gidanka. Sai dai Almu ya yanka mata kuɗin da ya ninka na Ɗangiwa har sau fuɗu.

"Sau fuɗu!" in ji Zahara'u. "Malam Almu, kwando ne fa, ba zinari ba."

"Na san kwando ne, Hajiya. Shi ya sa."

Ba ta tsaya ta ji me ya sa ɗin ba. Ta kira Inno ta ce a samu buhunan taki biyu, irin masu leda a ciki, a cusa kwandunan ɗaya cikin ɗaya, a danne, a ɗinke baki, a kai wa Ɗangiwa. Buhu biyu kacal, kuɗin mota ko na cefanen yini bai kai ba. Inno ta ce, "Buhun taki, ɗiyata?" Zahara'u ta ce e, don kada ruwan sama ya taɓa su. Har ga Allah ta ɗauka dabara ta yi.

Abin da ba ta sani ba, ita da aka haifa a gari, shi ne ba a saƙa kaba a bushe. Sai an jiƙa ta ta yi laushi, kuma kwandon da aka gama yau yana buƙatar iska kafin ya zama abin ajiya. Ga damina ba ta gama tafiya ba. Abu na biyu kuwa ta sani sarai, ta dai ƙi tunawa ne: motar Ɗangiwa ba ta tashi sai ta cika.

Asabar aka kai masa buhunan. Lahadi ta kira, ya ce saura buhu goma sha biyar mota ta cika. Litinin ya ce ai gobe-goben nan. Talata da la'asar motar ta shigo Tambuwal tana nishi, aka sauke mata kayanta daga ƙarƙashin buhunan gero.

Tana farke bakin buhun farko wani wari ya buge ta, irin na ɗakin da aka rufe tun bara. Ta jawo kwando ɗaya. Fumfuna ce baƙa da toka-toka ta bi saƙar, murfin ya lanƙwashe. Ta jawo na biyu, na goma, ta zazzage buhun duka a tsakar gida. Ko ɗaya babu wanda mutum mai hankali zai zuba abinci a ciki. Nan take ta kira Ɗangiwa a waya.

"Innalillahi! Ɗangiwa, ka kashe ni!"

"Ni kuma? Hajiya, yadda anka ba ni haka na kawo. Ko zare ban taɓa ba."

Haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka, kukan baƙin ciki da na kunya a haɗe. Ga aya an soya, ga gyaɗa an ɓare, kwana uku ya rage, kuma aikin hannun mata takwas na kwana biyar yana zube a gabanta yana wari saboda ita.

Ta ɗauki waya za ta kira Inno, ta ajiye. Irin wannan magana ba a yi wa uwa ita ta waya. Laraba da safe ta nemi izini a ofis, ta hau mota zuwa Kebbe, daga nan ta hau babur zuwa Fakku, tana ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya suna warwarewa.

Tun daga zaure ta ji hirar mata. Da ta shiga, sai ta tsaya cak. Mata ne zaune a inuwar darbejiya, kwanon ruwa a tsakiyarsu kaba na jiƙe a ciki, yatsu na ta aiki. A kan danga kuwa, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ƙananan kwanduna ne a kife suna shan iska.

Inno ta ɗago ta dube ta. "Kin iso? Ku ba ta ruwa."

Zahara'u ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Inno, kwandunan nan..."

"Sun yi fumfuna. Na sani."

"Wa ya faɗa miki?"

"Wa zai faɗa min? Ran Lahadi na aika a dubo, anka ce buhunanki na nan bakin hanya rana na dukansu. Na ce da matan ga, ku tashi mu sake yanko kaba, ɗiyata ta yi wayon 'yan boko."

Matan suka kwashe da dariya, ɗaya har tana share hawaye da gefen zane. Zahara'u ta rufe fuska da mayafi, ita ma dariyar take, kukan kuma bai tsaya ba.

"Don me ba ki hana ni ba tun farko?"

"Na tambaye ki, kinka ba ni amsa awa mai karanta labarai. In na hana ki, cewa za ki yi tsohuwa ba ta san kasuwa ba."

Tamanin da biyar sun bushe, sauran ana kan saƙa, za a gama Alhamis da hantsi. Zahara'u ta ce za ta biya aikin duka biyu. Inno ta ce wannan maganar ta bayan walima ce, yanzu ta faɗi wa zai ɗauka, don na ƙarshen da ɗanshinsu za su bar gidan nan.

Ta kira Malam Almu. Ta yi zaton zai ja mata rai ko ya ƙara kuɗi, amma ko ɗaya bai yi ba. Ya ce Alhamis kafin la'asar yana ƙofar gidanta. Ta koma Tambuwal a ranar, ta kama daka.

Alhamis, ana shirin kiran la'asar, ta ji mutanen layi suna sowa. Ta leƙo. Babur ne ke tahowa a hankali, amma sai ka rantse rumfa ce ta yi ƙafa. Almu ya ɗaura sanduna biyu a bayan babur, ya zura kwandunan a igiya ɗaya bayan ɗaya, kowane da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, iska na ratsa su tun daga Fakku. Shi kansa da ƙyar ake hango hularsa.

Ta taɓa na farko, ya bushe ƙarau. Ta kai hanci, ƙanshin sabuwar kaba.

"Da wannan lodin ba ni iya ɗaukar fasinja, ba ni iya gudu," in ji Almu yana kwance igiya. "Yinin ga duka naki ne, Hajiya. Shi kika biya."

Juma'a da safe ta shiga motar Sakkwato da kayanta a kan cinya da ƙarƙashin ƙafa. Hajiya Umaima ta buɗe kwando ɗaya, ta jujjuya shi, ta ɗauki dakuwa ta jefa a baki. Zahara'u ta daure ta faɗa mata gaskiya: farashin sai ya ɗan hau, don kawo kwandunan lafiya yana da tsada.

Hajiya ta gama taunawa tukuna. "Wata mai zuwa ɗari biyu nika so. Masu saƙar za su iya?"

A bakin shagon Zahara'u ta tsaya ta kira Fakku. Da Inno ta ji ɗari biyu, kowane wata, sai ta juya tana faɗa wa matan. Ta cikin wayar aka ji tsakar gidan ya kaure da guɗa. Zahara'u ta riƙe wayar a kunne, masu wucewa na kallonta, ta ƙi kashewa har suka gama.